Masu Gadin Kujera

Ni na zaɓi ranar da bakina, babu wanda ya tilasta mini. Shi ya sa har yau in abin ya faɗo mini a rai nakan rasa wanda zan ɗora wa laifi, sai in ƙare da jan tsaki ni kaɗai a bakin tebur, har masu karatu su ɗago kai su dube ni.

Sunana Winifred. 'Yar Wusasa ce ni ta Zariya, amma shekarata tara ke nan ina aiki a wani ƙaramin ɗakin karatu na jama'a a cikin Nassarawa GRA. Tsohon gida ne irin na Turawa, mai doguwar baranda da bishiyar mangwaro biyu a tsakar fili. Shugabanmu shi ne Malam Yunis. Mutum ne mai haƙuri, wannan ba zan hana shi ba, amma irin haƙurin nan ne da ba ya tsinana wa kowa komai. Duk maganar da ka kai masa, "za a duba" ce amsarta, sannan ya mayar da kai kan jarida.

A bayan ginin akwai wani ɗaki mai taga biyu da kujeru goma sha biyar. A nan na buɗe ajin koyon karatu na manya, kuma a kan wannan ajin ne na sha abin da na sha.

Dalilin buɗe shi Baba Garba ne, mai gadin gida na uku daga namu, dattijo mai furfura a gemu, mutumin wani ƙauye a bayan Gumel. Karatun allo ya yi shi da kyau, amma boko ko sunansa ba ya ganewa. Kusan kullum sai ya leƙo mini da takarda: yau katin asibiti, gobe saƙon da ya shigo wayarsa, jibi jerin cefanen da Hajiyar gidansu ta rubuto. Wata rana na gaji na ce, "Baba, in koya maka mana, kai ka huta, ni ma in huta."

Ya yi dariya ya ce, "Malama, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Na ce, "Ni ban ce zan tanƙwara ka ba. Kujera zan ba ka da fensir."

Ranar Talata sai ga shi da mutum uku. Kafin wata ya cika, kujeru sha biyar duk sun samu masu su: maza sha huɗu, masu gadi da masu ban ruwan fulawa, sai mace ɗaya, Binta, mai dafa abinci a wani gida ta wajen Giginyu. Mazan kusan duk 'yan gari ɗaya ne ko maƙwabtan gari, yawancinsu ma Baba Garba ne ya samo musu aikin, don haka abin da ya ce shi ake yi. Muna zama Talata da Alhamis, daga goma zuwa sha biyu, bayan masu gidaje sun fita ofis an kuma kai yara makaranta. Na taɓa tambayarsa wa ke duba musu ƙofa in sun taho aji. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Ai ba a barin ƙofa haka nan, Malama. Sai ka bar mutum."

Wata bakwai muka yi. Kada ka ji an ce wata bakwai ka ɗauka wasa ne. Mutum ya kwana yana zagaya katanga, ka zaunar da shi da hantsi ka ce ya haɗa baƙi da wasali. Wani ya yi ta gyangyaɗi da fensir a hannu, wani ya danna fensirin har ya huda takarda. Da damina ta kankama rufin ya dinga yoyo, muna jan kujeru gefe muna kafa bokiti. Na kai kuka wurin Malam Yunis ya fi a ƙirga, za a duba. Alli da kuɗina nake saye, allon kuwa tsohon ƙyaure ne da na sa aka shafa wa baƙin fenti. Baba Garba shi ya fi kowa gardama, kowane harafi sai ya tambaye ni wa ya ce haka za a rubuta shi. Amma rana ɗaya bai taɓa fashi ba. Kafin Satumba ta ƙare yana karanta kanun jaridar Hausa, yatsa a ƙarƙashin layi, baki yana motsi kafin sauti ya fito. Ranar da ya karanta katin asibitinsa da kansa, juyawa na yi kamar ina goge allo, don kada su ga idona ya kawo ruwa.

Ana nan sai takarda ta zo daga hedikwata. Wai an ware kaka a matsayin lokacin jawo jama'a zuwa ɗakunan karatu, kowane reshe ya shirya abin da zai yi: tatsuniya ga yara ranar Asabar, baje kolin littattafai, gwajin ido kyauta, da makamantansu. Duk wannan ba matsala. Matsalar tana sakin layi na ƙarshe. Za a turo jami'a ta duba kowane ajin manya. Wanda aka ga yana aiki za a bar shi, a ba shi littattafai da sabon allo. Wanda ba a gamsu da shi ba za a rufe, ɗakin ya koma hannun shugaban reshe. Kowane reshe ya zaɓi ranar da ya ga dama, daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba.

Malam Yunis ya karanta, ya ɗago ya dubi tsibin tsofaffin jaridun da suka cinye rabin ofishinsa. Na san abin da yake aunawa. Ya ce, "Mutanen hedikwata kai suke ƙirgawa, Malama Winifred. In ta shigo ta ga kujeru babu kowa, shi ke nan."

Na ce, "Ba za ta gani ba, yallaɓai."

Na ɗauki kalanda na zagaye Alhamis ɗin ƙarshe ta Oktoba. Ga hujjata, kuma a lokacin gani nake babu mai dabara kamata: ruwa ya ɗauke, rufi ya daina yoyo, sauran shagulgulan sun ƙare, mu ne za mu rufe taro. Sannan ni a gidan malamin makaranta da nas na tashi, ban taɓa riƙe lauje ba. Abin da na sani game da kaka shi ne Lahadin godiyar kaka a coci, ranar da ake cika maƙil har a rasa wurin zama, 'yan Kaduna da 'yan Legas duk sun dawo gida, an jibge doya da masara a gaban bagade, teburin ibada na coci. A kaina kaka lokacin taruwa ne. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa ya je ya karyo masarar ba.

Da na sanar a aji sai wurin ya yi tsit. Kowa ya juya ya dubi Baba Garba, shi kuma ya dubi ƙasa. Binta ta buɗe baki ta ce, "Malama, ai lokacin nan…" Baba Garba ya yi gyaran murya, ta haɗiye sauran. A wurinsu malami ba ya sa rana ɗalibi ya ce masa ba ta yi ba. Da ina da hankali wannan shirun ya ishe ni. Amma ni sai na ɗauka tsoron baƙuwa suke ji, na ma ƙara wuta.

Na ce, "Ku saurare ni da kyau. Ranar nan ko zazzaɓi mutum yake yi, ya rarrafo. Kada a ga kujera ko ɗaya babu mutum a kanta. In aka ga kujera babu kowa, za a rufe ajin nan. Kun ji?"

Sau uku na maimaita. Ban ce musu za a gwada karatunsu ba, don ni ma ban kawo shi a raina ba. Kujera kawai na yi ta kira.

Baba Garba ya ce, "Mun ji, Malama. Allah ya kai mu."

Mako biyu kafin ranar, masu gwajin ido suka karɓi ɗakinmu, saboda shi kaɗai ne mai labule. Dole na ba aji hutu. Ni kuma aiki ya sha mini kai. Ina rubuta sunayen tsofaffin da suka yi layi har bakin titi suna neman tabarau, ina raba faɗan wanda ya riga wani zuwa. Masu baje kolin littattafai suka zo da tebur shida suka tare baranda, suka kuma bar mini shara. Ranar Asabar yara arba'in suka cika ƙarƙashin mangwaro, mai ba da tatsuniyar ya kashe waya, na ƙare ni ce Gizo ni ce Ƙoƙi har muryata ta dushe. Ban leƙa ƙofar kowa ba. Da na bi ta layin su Baba Garba ko sau ɗaya, da na ga abin da ake ciki.

Ranar Alhamis tun da sassafe na tafi Badawa karɓo takardun shaidar da na bayar a buga wa ɗalibaina. Babu wuta, janareto ya ƙi tashi, mai shagon yana ta ce mini "yanzun nan, Hajiya," ni da ba Hajiya ba. Sai goma saura kwata na samu takardun. Na faɗa adaidaita sahu, muka maƙale a bayan wata babbar mota da ta mutu a tsakiyar titi. Ina sauka a ƙofarmu, motar hedikwata tana shigowa.

Hajiya Nabiha ce jami'ar. Ba ta kai ni shekaru ba, da farin tabarau da fayil a hammata. Ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta, mace ce kawai da ke da reshe huɗu a gabanta kafin la'asar. Muka gaisa a tsaitsaye. Malam Yunis ya fito da babbar riga ya shige gaba, muka zagaya baya. Tun daga nesa na hango takalma jere a bakin ƙofa, na ƙirga da ido, na ce a raina na gode Allah.

Muka shiga. Ɗaki ya cika, kujera sha biyar mutum sha biyar, mazan kowa da wankakkiyar riga da hula, kowa da littafin rubutu a kan cinya. Suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe mu. Ni kuwa na bi su da ido. Littattafan na san su ɗaya bayan ɗaya, ni na rubuta sunaye a bangonsu. Fuskokin ne ban sani ba. In ka cire Binta da ke can ƙarshe ta sunkuyar da kai, babu mutum ɗaya da na taɓa gani a rayuwata.

A kujerar Baba Garba, ta biyu daga taga, wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai kama da shi ta wajen hanci. Malam Yunis yana gyara wa Hajiya wurin zama, na matsa kusa da mutumin na ce ƙasa-ƙasa, "Malam, kai wane ne?"

Ya ce, "Ahmadu, ƙanin Garba. Ga-ruwa nake yi a Gawuna. Yaya ya ce a gaishe ki da kyau."

"Shi yana ina?"

"Sun tafi gida tun wancan makon, su duka. Gyaɗa ta isa cira, ga wake, dawa ma ta kusa. Ni ke riƙe masa ƙofa. Ya ba ni makulli da tocila da usur, ya ba ni littafin nan, ya ce ranar Alhamis ƙarfe goma in yi wanka in zo in zauna a kujera ta biyu daga taga. Kowa ma haka aka bar masa. Tun tara muke nan, Malama, babu wanda ya makara."

Har da murmushinsa irin na wanda ya cika alkawari.

Nan ne wurin da ya kamata in juya in ce, ranki ya daɗe, an samu matsala, ga abin da ya faru. Numfashi ɗaya ya isa. Amma na dubi Hajiya na ga tana gyaɗa kai tana kallon cikakken ɗaki, na ji tana gaya wa Malam Yunis reshen da ta je jiya mutum uku ta tarar. Shi kuwa bai lura da komai ba, don a wata bakwai bai taɓa leƙo ajin ba. Sai shaiɗan ya raɗa mini cewa sauri take yi, ƙila ta ƙirga kai ta sa hannu ta wuce. Na ja bakina na yi shiru.

Ta karɓi rajista ta fara kiran suna.

"Garba Sule."

Ahmadu ya ce, "Na'am."

"Sadiƙ Haruna."

Wani siriri mai tsage ya ce, "Na'am."

Haka ta bi su har sha huɗu, kowane suna da mai amsa shi, babu wanda ya amsa na wani. Su a ganinsu ba ƙarya suke yi ba. In aka buga ƙofar gida aka ce ina mai gadi, wanda ke riƙe da makulli shi ke amsawa. Ni kaɗai ce a gaban ɗakin na san ƙarya ake yi, kuma ina tsaye rungume da takardun shaida ina murmushi.

Hajiya ta ce, "Madalla. To wa zai karanta mana wani abu?"

Kafin ta rufe baki na ce, "Binta."

Binta ta tashi, na miƙa mata jaridar makon. Ta karanta sakin layi guda a kan tsadar taki, ba ta yi tuntuɓe ba sai sau ɗaya. Hajiya ta yi rubutu a fayil. Ta dubi agogo. Ta rufe murfin biro. Allah ya sani har na fara jin numfashina yana dawowa.

Sai ta sake buɗe rajistar. Ta ce, "Wannan ke kika zaɓa. Bari ni ma in zaɓi nawa." Ta bi layi da biro. "Ga wani nan, wata bakwai bai taɓa fashi ba. Malam Garba Sule, bismilla."

Ahmadu ya miƙe da ladabi. Ta ba shi jaridar. Ya karɓa da hannu biyu, ya dube ta sama da ƙasa, ya juya bayanta, sannan ya mayar mata.

Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri. Ni karatu ba ya cikin abin da aka bar mini. Zama aka ce in yi."

"Wa ya ce ka zauna?"

"Garban."

"Ba kai ne Garba ba?"

"A'a, ƙaninsa ne ni. Shi yana gona."

Hajiya ta cire tabarau. Ta nuna siririn nan ta ce shi fa? Ya ce shi abokin Sadiƙ ne, facin takalmi yake yi. Ta nuna na uku, ya ce shi surukin Nura ne. Daga nan ba ta ƙara tambayar kowa ba. Ta juyo gare ni.

Na fara bayani, magana tana cin karo da magana. Na ce ɗalibaina na gaskiya suna nan, girbi suka tafi, ni na yi kuskuren sa rana, waɗannan wakilai ne, haka suke yi da ƙofar gida. Na fizge littafin hannun Ahmadu na buɗe mata, na ce ta duba, rubutun Baba Garba ne tun daga shafin farko da ba ya iya rubuta harafin boko ko ɗaya har zuwa inda ya rubuta wa ɗansa wasiƙa. Binta ma ta sa baki, ta ce wallahi gaskiya Malama take faɗa.

Hajiya ta bari na gama. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Malama Winifred, na kira suna sha huɗu kina tsaye a nan. Kin san ba su ba ne?"

Na ce, "Na sani, ranki ya daɗe."

"To da ban ce a yi karatu ba, yaushe za ki gaya mini?"

Na rufe littafin Baba Garba.

Ta ce, "Littafin rubutu kowa zai iya cika shi. Na taɓa zuwa reshen da aka kwaso 'yan kasuwa aka zuba mini a kan kujeru. Ban ce haka kika yi ba. Amma ni abin da na gani shi zan rubuta."

Na bi ta har mota. Na ce ta ba ni wata ɗaya, in sun dawo ta zo ta zaɓi duk wanda ta ga dama, ta ba shi duk jaridar da ta ga dama. Ta ce kowane reshe ziyara ɗaya aka ware masa, kuma ni na zaɓi ranar. Ta ja ƙofa, direba ya tayar da mota.

Da na koma ɗakin, mutanen suna nan zaune yadda na bar su. Ahmadu ya ce, "Malama, an tashi ne ko mu jira? Don yaya ya ce sai sha biyu ake tashi."

Na so in sauke masa kwandon masifa, amma me ya yi mini? Na ce su sha lemo su tafi. Suka sha, suka yi godiya, suka jera kujerun a jikin bango kafin su fita. Binta ce ta tsaya. Na ce, "Ke kuma kin san da wannan, gidanku da nan tafiyar minti goma, kika kasa zuwa ki gaya mini?" Ta ce Baba Garba ne ya ce kada a tayar mini da hankali, an riga an shirya komai. Na zura takardun shaidar a durowa na rufe da ƙarfi har Malam Yunis ya leƙo.

A makon nan na kira wayar Baba Garba ya fi sau ashirin, a kashe. Ahmadu ya ce garinsu sai ranar kasuwa ake samun caji, sabis kuma sai an hau tudu. Na rubuta takardar koke shafi uku na ba Malam Yunis ya sa hannu. Ya ce za a duba, ta kwana takwas a ƙarƙashin jarida. Na zare abata na kai hedikwata da ƙafata. Zuwan farko Hajiya tana taro. Zuwa na biyu ta fita rangadi. Na uku wani magatakarda ya ce mini fayil ya riga ya hau sama, abin da ya hau sama kuwa ba ya saukowa sai da hukunci.

A tsakiyar Nuwamba ya sauko da hukuncin. Takarda ɗaya ce, Turanci a sama, Hausa a ƙasa, da umarnin a manna ta a ƙofar ajin. Malam Yunis, wanda ya yi damina guda bai iya nemo mai gyaran rufi ba, a yini ɗaya ya samo 'yan dako suka kwashe jaridunsa suka jibge a ɗakin, ya sayo kwaɗo sabo fil. Takardar kuma ni ya ba in manna. Na manna.

Farkon Disamba, wata Talata da hantsi, ina jera littattafan yara sai na ji sallama a baranda. Baba Garba ne. Ya rame ya yi baƙi, hannuwansa duk sun faffashe, ga ƙaramin buhu a kafaɗa, ga littafinsa a naɗe a aljihu. Bayansa mutum bakwai ko takwas, duk fuskokin da na sani.

Ya sauke buhun a gabana ya ce, "Malama, mun same ku lafiya? Ga 'yar gyaɗa, ba yawa. Jiya muka sauka. Ahmadu ya ce komai ya tafi daidai, kujera ko ɗaya ba a gan ta haka nan ba. Har lemo aka ba su."

Duk abin da na yi wata guda ina dannewa ya taso. Na ce, "Baba, don Allah me ya hana ka buɗe baki ka ce mini ba kwa nan? Kalma ɗaya. Ka ce Malama, lokacin girbi ne. Da na ɗaga ranar zuwa yau ɗin nan, dama tana hannuna har ƙarshen watan nan. Kuka yi shiru kuka ce Allah ya kai mu, sannan kuka kwaso mini mutanen da ba su taɓa riƙe fensir ba kuka zuba mini a gaban baƙuwa. Ladabinku ya cuce ni, Baba. Ni ma na cuci kaina."

Ya tsaya yana dubana, fara'ar fuskarsa tana raguwa a hankali. Ya ce, "Mun ga kin riga kin sa rana, kin kai wa manya. Ba ma so mu ba ki kunya. Gona kuma ba ta jiran kowa. Sai na ce tunda kujera ce damuwar…" Bai ƙarasa ba. Ya ce, "Wani abu ya faru ne, Malama?"

Na wuce gaba suka biyo ni, muka zagaya baya.

Ya ga kwaɗon. Ya leƙa ta taga ya ga jaridu sun kai rabin bango, kujerun an kife su a kai. Sannan ya ga takardar. Na buɗe baki zan gaya masa abin da ke ciki, sai ya ɗaga mini hannu. Ya matsa kusa, ya tsallake Turancin, ya ɗora yatsa a ƙarƙashin layin farko na Hausar. Sauran suka taru a bayansa.

"Sa-nar-wa," ya fara. "An rufe… ajin koyon karatu… na manya… na wannan reshe… daga yau." Yatsan ya gangara layi na gaba. "Saboda… ba a samu… shai-dar… cewa ɗaliban… sun iya… karatu ba."

Ya karanta har kwanan wata. Ya jima da yatsansa a kan takardar, sannan ya juyo.

Ya ce, "Malama, akwai inda na yi kuskure?"

Na ce, "Babu, Baba. Ko ɗaya."